Daga Kwaɗo Zuwa Layi Biyu: Tarihin Auna Homon a Jikin Ɗan Adam

A shekarun 1940, idan mace a Birtaniya ta yi ɓatan wata kuma likitanta ya ga akwai buƙatar tabbatarwa, sai ya zuba fitsarinta a 'yar kwalba ya aika ta gidan waya zuwa ɗakin gwaje-gwaje, sau da yawa wanda ke birnin Edinburgh. A can ma'aikaci zai tsamo macen kwaɗo daga tankin ruwa, ya yi mata allurar fitsarin a ƙarƙashin fata, ya saka ta cikin tulun gilashi, ya tashi daga aiki. Washegari da safe zai leƙa tulun. Idan ya tarar da ƙwai sun bazu a ƙasansa, to matar tana da juna biyu. Sakamakon zai koma hannun likita, shi ne zai fara sani kafin mai cikin.

Yau mace a Kano ko Maraɗi kan sayi tsinken gwaji a kemis, ta samu amsa cikin minti biyar ba tare da kowa ya sani ba. Abin da ake nema a fitsarin bai sauya ba tun zamanin kwaɗo. Shi ne sinadarin hCG, wanda mabiyiya ke fara fitarwa 'yan kwanaki bayan ciki ya kama. Abin da ya sauya shi ne mai gano sinadarin. An sallami dabba sukutum, aka ɗauko wani ƙanƙanin furotin na garkuwar jiki mai suna antibodi aka ba shi aikin. Wannan musanya ita ce ginshiƙin kusan duk wani awon homon da ake yi a asibitocin duniya a yau, kuma a kanta ake gina na'urorin da ake kira bayosensa.

Saƙon da ya fi ƙarfin sikeli

A 1902, masanan Ingila biyu, William Bayliss da Ernest Starling, suka gano cewa hanji yana aika wa fankiriyas umarni ta cikin jini, ba tare da bin jijiya ba. A 1905 Starling ya gabatar da kalmar homon a wata lacca a Landan, daga kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa. Homon saƙo ne da wata gaɓa ke sakawa cikin jini domin wata gaɓar da ke nesa ta yi aiki ko ta dakata. Insulin yana umartar jiki ya kwashe sukari daga jini. Homon ɗin tayirod, tsokar gaban wuya wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, yana tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. Kotisol kuma yana shirya jiki domin fuskantar matsi.

Matsalar likitoci ita ce ƙanƙantar waɗannan saƙonni. Duk sukarin da ke yawo a jinin baligi mai lafiya bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Insulin ɗin da ke kula da wannan sukari ya gaza shi nauyi fiye da sau miliyan. Babu sikeli ko haɗin sinadarai na wancan zamani da zai iya tsamo shi daga cikin dubban furotin da ke jini.

Da haka ta gagara, sai aka koma ga dabbobi, tunda jikinsu yana amsa homon komai ƙanƙantarsa. Bayan gano insulin a Toronto a 1921, an riƙa auna ƙarfinsa ne ta hanyar yi wa zomo allura a ga yadda sukarinsa zai faɗi. A 1927 da 1928, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek a Balin suka nuna cewa fitsarin mai ciki yana sa gidan ƙwan ɓeran da bai balaga ba ya kumbura. Gwajin mace ɗaya kan ci ɓeraye biyar, a jira kwana huɗu, a yanka su a duba. A 1931 Maurice Friedman na Jami'ar Pennsylvania ya maye gurbin ɓera da zomanya, jiran ya ragu zuwa kwana biyu, amma ita ma sai an fede ta ko da ciki ko babu.

Kwaɗon ya fito ne daga Afirka ta Kudu. A 1930, masanin dabbobi Lancelot Hogben, yana koyarwa a Cape Town, ya lura cewa wani nau'in kwaɗon ruwa mai farce, Xenopus laevis, yana zubar da ƙwai idan aka yi masa allurar wasu homon. Abokan aikinsa Hillel Shapiro da Harry Zwarenstein suka mayar da wannan lura gwajin ciki, kuma aka daɗe ana jayayya kan wanda ya cancanci yabon. Alfanun kwaɗo shi ne ba a kashe shi, yana ba da amsa cikin dare ɗaya, kuma bayan ya huta ana iya sake amfani da shi. An yi ta jigilar dubban kwaɗi zuwa Turai da Amurka har cikin shekarun 1960. Sai dai amsar kwaɗo iri biyu ce kawai, akwai ko babu. Ba ya iya faɗin adadi.

Binciken da ya ɓata hanya

Antibodi ya riga homon shiga littattafan likitanci. A 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna cewa jinin dabbar da ta tsira daga wata guba yana ɗauke da abin da ke kashe kaifin wannan gubar ita kaɗai. Antibodi furotin ne da jiki ke ƙerawa idan baƙon abu ya shigo, kuma kowanne yana da siffar da ta dace da abu guda, kamar yadda kube ke dacewa da wuƙarsa. Shekara da shekaru ana kallonsa a matsayin makamin yaƙi da cuta. Mutum biyu a wani asibitin tsoffin sojoji da ke unguwar Bronx ta New York ne suka mayar da shi ma'auni.

Rosalyn Yalow masaniyar fiziya ce da ta kammala digirin digirgir a Jami'ar Illinois a 1945. Ta fara aiki a asibitin a 1947, kuma ɗakin gwajinta na farko tsohon ɗakin ajiyar kayan shara ne. A 1950 likita Solomon Berson ya haɗu da ita, suka yi aiki tare shekara 22. A lokacin akwai hasashen cewa ciwon sukarin manya yana faruwa ne saboda jiki yana saurin lalata insulin. Domin jarraba wannan, suka maƙala wa insulin alamar aidin mai fitar da tururin nukiliya, suka yi wa mutane allurarsa, suka bi sawunsa da na'urar ƙirga tururin.

Abin da suka gani ya saɓa wa hasashen. A jinin mutanen da aka taɓa yi wa magani da insulin, alamar takan daɗe fiye da a jinin sauran. Wani abu yana riƙe insulin ɗin. Tunda insulin na wancan lokaci daga shanu da aladu ake samo shi, sai suka yanke cewa jikin marasa lafiyar ya ƙera masa antibodi. Masana garkuwar jiki na lokacin sun tafi a kan cewa insulin ya yi ƙanƙanta da ya tayar da antibodi, don haka mujallar Science ta ƙi buga aikin. Mujallar Journal of Clinical Investigation ma ta fara ƙi, ba ta buga ba sai a 1956, bayan sun yarda sun cire kalmar antibodi daga kanun.

Daga nan suka juya binciken. Idan antibodi yana kama insulin, kuma wuraren kamun suna da iyaka, to ana iya amfani da shi a ƙirga. Misalin abin kamar mota ce mai ƙayyadaddun kujeru a tasha. An kawo fasinjoji masu jar hula da aka san adadinsu, sai aka cakuɗa su da wasu fasinjoji marasa hula da ba a san yawansu ba, aka ce kowa ya nemi kujera. Idan motar ta cika aka ƙirga masu jar hula da suka samu wuri, za a iya gane yawan marasa hular, domin iya yawansu iya ƙarancin masu hular a ciki. Kujerun su ne antibodi, masu jar hula su ne insulin mai alama, marasa hula kuma insulin ɗin da ke jinin mara lafiya. Da antibodi da suka samo daga ɓeran Masar, Yalow da Berson suka bayyana hanyar a 1959, suka kuma buga cikakken awon insulin a jinin mutum a 1960. Ana kiran hanyar RIA a taƙaice.

Sakamakon farko ya girgiza likitoci. Yawancin masu ciwon sukarin manya suna da insulin a jininsu, wasu ma fiye da masu lafiya. Jikinsu ne ya daina sauraronsa. Wannan ya taimaka wajen rarrabe nau'o'in ciwon sukari biyu da aka sani a yau.

Yalow da Berson sun ƙi yin rajistar mallakar fasahar, suka riƙa koya wa duk wanda ya zo. Berson ya rasu a 1972. A 1977 Yalow ta samu kyautar Nobel ta likitanci, ita ce mace ta biyu da ta samu bayan Gerty Cori, kuma a laccarta ta karɓar kyautar ta nuna wa mahalarta wasiƙar da aka ƙi aikinsu da ita.

Sallamar nukiliya da zomo

Cikin shekaru kaɗan aka auna homon iri-iri da RIA. A 1972 Judith Vaitukaitis da abokan aikinta a Cibiyar Lafiya ta Ƙasar Amurka suka samar da antibodi da ke bambanta hCG da wani homon mai kama da shi, LH, wanda ke jikin kowace mace ko ba ta da ciki. A 1974 lardin Quebec na Kanada ya fara gwada duk jariran da aka haifa, bisa aikin Jean Dussault, ta hanyar ɗigon jini daga dunduniya a kan takarda, domin gano waɗanda aka haifa da ƙarancin homon ɗin tayirod.

Hanyar tana da nauyi biyu. Na farko shi ne alamar nukiliya, wadda ƙarfinta ke raguwa cikin kwanaki ko makonni, tana buƙatar na'ura mai tsada, kuma sharar ta sai da kulawa ta musamman. A 1971 aka warware wannan a wuri biyu. Eva Engvall da Peter Perlmann a Stockholm, da Bauke van Weemen da Anton Schuurs a kamfanin Organon na Holan, suka musanya alamar nukiliya da enzayim, wato furotin da ke sauya launin ruwan gwaji. Zurfin launi shi ke nuna yawan abin da ake nema. Wannan ita ce ELISA, kuma abin da masanan Holan suka fara aunawa da hanyar shi ne hCG.

Nauyi na biyu shi ne tushen antibodi. Ana samo shi ne daga jinin zomo ko akuya ko ɓeran Masar da aka yi wa allura, kuma na kowace dabba daban yake. Idan dabba mai kyakkyawan antibodi ta mutu, shi ke nan an rasa. A 1975, Georges Köhler da César Milstein a Cambridge suka haɗa ƙwayar halitta mai ƙera antibodi daga saifar ɓera da ƙwayar sankara wadda ba ta daina hayayyafa. Abin da ya fito shi ne ƙwaya mai ƙera antibodi iri ɗaya tak, ba iyaka, a cikin kwalba. Sun samu Nobel a 1984. Daga nan antibodi ya zama kayan masana'anta, wanda na bana da na baɗi za su yi aiki iri ɗaya.

Gwaji ya shigo gida

A 1967, Margaret Crane, mai zanen kwalaye 'yar shekara 26 da ke aiki da Organon a New Jersey, ta ga jerin kwalaben gwajin ciki a ɗakin gwajin kamfanin. A lokacin an riga an fara gwajin ciki da antibodi, bisa hanyar da Leif Wide da Carl Gemzell suka fito da ita a Suwidin a 1960. Crane ta ga babu abin da zai hana mace ta yi wannan da kanta. Ta harhaɗa samfuri da 'yar akwatin roba ta ajiye maƙalan takarda, da kwalba, da madubi. Shugabannin kamfanin sun yi ɗari-ɗari, suna tsoron ɓata wa likitoci rai. An fara sayar da gwajin a Kanada a 1971 da sunan Predictor, kuma sai an jira awa biyu ba a girgiza shi ba. Gwajin gida bai shiga kasuwar Amurka ba sai ƙarshen shekarun 1970. Crane ta sa hannu ta bar wa kamfanin haƙƙinta kan dala ɗaya.

Tsinken da aka sani yau ya fito a 1988 daga kamfanin Unipath na Ingila, da sunan Clearblue One Step. A cikinsa akwai siririyar takarda da fitsari ke bi, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. A farkon hanya fitsarin yana kwasar antibodi mai ɗauke da launi, wanda ke manne wa hCG idan akwai. A gaba akwai wani antibodi da aka dasa a layi, wanda ke cafke hCG ta wani gefen, sai launi ya taru a wurin. Layi na biyu yana tabbatar da cewa ruwan ya isa ƙarshe. Yawancin tsinkayen suna nuna layi idan hCG ya kai ma'auni 25 a lita. Wannan tsari ne aka ara aka yi gwajin gaggawa na maleriya da na korona.

Daga launi zuwa lantarki

Bayosensa na'ura ce mai sassa biyu: wani abu da aka samo daga halitta wanda ke gane abin da ake nema, da kuma wani sashe da ke mayar da wannan ganewa siginar lantarki ko haske da za a karanta a lamba. Leland Clark na Amurka, wanda ya ƙirƙiro ma'aunin iskar oksijin a jini, shi da Champ Lyons ne suka gabatar da tunanin a 1962, ta hanyar ɗora enzayim a kan ma'aunin domin auna sukari. Daga wannan zuri'a ne na'urar gwajin sukari ta gida ta fito.

Ɗora antibodi a kan irin wannan na'ura ya biyo baya. A 1979 Masuo Aizawa da abokan aikinsa a Japan suka auna hCG da antibodi da aka dasa a kan ma'aunin oksijin. A 1983 masana a Jami'ar Linköping ta Suwidin suka nuna cewa idan aka shimfiɗa antibodi a kan siririn ƙarfe aka haska shi, yanayin dawowar hasken yana sauyawa da zarar wani abu ya manne, ba tare da buƙatar alama ba. Kamfanin Pharmacia ya fitar da na'urar Biacore a kan wannan ƙa'ida a 1990. A 2020 ayarin Wei Gao a Caltech ya bayyana wata 'yar na'ura mai antibodi da ke auna kotisol a cikin gumi ta aika sakamako ba da waya ba.

Buƙatar a fili take. Homon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kotisol yana hawa da asuba, ya sauka da tsakar dare. LH yana yin tsalle kwana ɗaya ko biyu kafin ƙwan mace ya fito. Awo ɗaya a asibiti hoton daƙiƙa guda ne. Masu ciwon sukari sun samu na'urar da ake mannawa a hannu tana auna sukari dare da rana, amma homon bai samu irinta a kasuwa ba, kuma dalilin yana cikin halin antibodi. Enzayim yana sarrafa sukari ya sake shi ya karɓi wani. Antibodi mai kyau idan ya kama ba ya saurin saki, don haka wuraren kamun suna cika, na'urar ta daina ganin sauyi. Ga kuma ƙanƙantar homon, ga sauran furotin na jini da ke liƙewa a fuskar na'ura. Shi ya sa yawancin bayosensa masu antibodi amfani ɗaya ake yi da su a yar.

Inda antibodi ke yin kuskure

Antibodi siffa yake ganewa, kuma siffa tana iya yaudara. Wasu mutane suna da nasu antibodi a jini da ke manne wa antibodin ɓera da ke cikin gwaji, su haɗa ɓangarorin biyu kamar akwai homon. A shekarar 2000, Sigi Rotmensch da Laurence Cole suka ba da rahoto a mujallar The Lancet kan mata 12 da gwajin jini ya yi ta nuna hCG alhali ba su da ciki. An zaci sankarar mabiyiya ce, kuma yawancinsu an yi musu tiyata ko maganin sankara ba tare da suna da cutar ba. Gwajin fitsari zai iya tona kuskuren, domin irin wannan antibodi ba ya tsallakawa cikin fitsari.

A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa bayotin, bitamin da ake sha domin gashi da farce, yana rikita gwaje-gwaje da dama idan aka sha da yawa. Yana iya sa sakamakon tayirod na mai lafiya ya yi kama da na mara lafiya. Akwai kuma lokacin da hCG kan yi yawa ƙwarai har ya cika antibodin ɓangarorin biyu daban-daban, layi ya dushe ko ya ƙi fitowa. Sannan antibodi furotin ne, zafi yana lalata shi. Yawancin tsinkayen gwaji an rubuta a kwalinsu kada ajiyarsu ta wuce digiri 30, alhali a Sakkwato ko Damagaram zafin watan Afrilu yana haura 40. Ƙa'idar da ƙwararrun ɗakin gwaji ke bi ita ce, idan sakamako ya saɓa wa abin da ake gani a jikin mara lafiya, a sake gwajin da wata hanya kafin a ɗauki mataki.

Babban giɓin da ya rage yana wajen jarirai. Kusan jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ana haifarsa da ƙarancin homon ɗin tayirod. A makonnin farko ba a cika ganin alama ba, kuma kafin iyaye su lura, ƙwaƙwalwar yaron ta samu illar da ba ta gyaruwa. Idan aka gano cikin mako biyu na farko, ƙwayar magani mai araha da ake ba shi kullum ta isa ya tashi lafiya kamar kowane yaro. Gwajin da Quebec ta fara ya kai shekara 50, amma mafi yawan jariran duniya ana haifarsu ne a wuraren da ba a yin sa, ciki har da yawancin ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Tsarin ya dogara ne da kai takardar jini zuwa babban ɗakin gwaji, a dawo da sakamako, a kuma nemo uwar da ta riga ta koma ƙauye. Na'urar da ungozoma za ta ɗiga wa jinin dunduniya a ƙaramin asibiti, ta jure zafin bazara, ta ba da lamba kafin mai jego ta tafi gida, ita ce aikin da ke gaban masu ƙera bayosensa.